Inda Ake Sauke Zani

Duk lokacin da na dawo gida daga Kano, kafin in zauna nakan zagaya bayan gari in leƙa dam. Kacala ta cinye bakin ruwan, doguwar ciyawar nan mai kai irin na gero wadda ba ta ciyar da kowa sai tsuntsaye, kuma inda a da muke tsayawa ruwa na lasar mana idon sawu yanzu albasa ake shukawa. Injinan ban-ruwa na ta kuka daga safe har yamma. Ba na ƙin albasa, ita ta riƙe gidanmu shekarun da nake makaranta. Amma wani sauti kunnena yake nema a wurin, ƙarar zani idan iska ta cika shi farat ɗaya, fap, kamar an kakkaɓe sabuwar tabarma. Zani muke ce wa shimfiɗar da ake ɗaura wa jirgi a jikin sanda don iska ta tura shi, kuma a duk ƙasar nan tsakanin Kabo da Gwarzo, garinmu ne kaɗai aka san shi da jirage masu zani.

Mu ba mutanen ruwa ba ne tun asali. Manoman dawa ne da gyaɗa, kuma tsohon garinmu yana can cikin kwari. Da aka zo gina dam aka ce a tashi a hau tudu, mutane suka kwashe azara da ƙyamare da turame, wasu har da duwatsun murhu. Abu uku ne ba su ɗauku ba: rijiya, masallaci, da maƙabartar da ke gabas da su. Kakata, wadda muke kira Inna, ta ce shekarar farko maza ba su da aiki sai zama a bakin ruwa suna hararsa, kamar mutumin da aka ci wa mutunci a kasuwa ya rasa abin ramawa.

Kakana, Baba Tsoho, shi bai iya zaman ba. Ya tafi ci-rani Ikko ya sami gadin wani gida a bakin ruwa, daura da wurin da masu hali ke ajiye jiragensu. Yakan ba mu labarin yana girgiza kai. «Malama,» haka yake kirana tun ranar da na shiga aji ɗaya, «mutanen nan ba kifi suke kamawa ba, ba kaya suke ɗauka ba. Su fita, su zagaya, su dawo suna dariya. Na ce ashe ruwa ma ana hawansa don daɗi.» Rani uku yana kallonsu ta kan katanga, yana lura da yadda suke karkata zani idan iska ta juya. Da ya dawo gida, tsarabarsa ita ce zane a bayan takardar buhun siminti. Ya tara abokansa ya ce ruwan da ya ci musu gonaki, su ma sai sun hau bayansa.

Suka samo tsohon kwale-kwale a hannun masuntan da suka biyo ruwa suka zo, suka buga masa katako a ƙasa don kada ya kife, suka kafa masa sandar itacen turare. Inna ta farke buhunan taki ta wanke su, ta haɗe su da basilla. Ranar gwaji gari duka ya fito. Jirgin ya yi tafiyar da ba ta kai jifa ba ya kife a ruwan da bai wuce ƙugu ba, Baba Tsoho ya miƙe da buhu a ka. An yi wata ana dariya. Ko'ina ya gifta sai an ce, «Malam, in ka gama da zanen ka ara wa Inna ta je biki.» Aka laƙaba musu 'Yan Zani don tsiya, su kuma suka ɗauki sunan suka rubuta shi da fenti a jikin rumfarsu.

Ni na taso ne ƙungiyar ta riga ta zama abin alfahari. Jirage jere a bakin ruwa, kowanne da launinsa. Akwai rumfar kara inda suke zama bayan la'asar, ana dafa shayi, ana musu a kan iska kamar yadda wasu ke musu a kan ƙwallo. Ranar kasuwa suna tsallakar da mutanen ƙetare. In mace ta jigata da naƙuda a can ƙauyukan hayi, ƙarfe ake bugawa, jirgi ya taso ko wane aiki mai shi yake yi. Su suka koya wa samarin garin iyo, kuma su ake kira in saniyar Fulani ta zurma. Da bazara a kife jiragen a rairayi, a narka kwalta a tsohuwar garwa ana liƙe tsaguwa, warinta ya cika unguwa har cikin tuwo. Sannan ga tseren shekara, ƙarshen damina, lokacin da dam ya cika ya batse. Mutane kan zo daga Jama'a da Sabon Birni, a keke da a ƙafa, masu ƙosai da rake su kafa kasuwa. Wanda ya ci ba a ba shi komai sai wani tsohon filafili, wato abin tuƙi, na jirgin farko, ya rataya shi a zaurensa shekara guda. Na ga dattijo da furfura ya rungume wannan katakon yana hawaye.

Namu aikin mata shi ne zani. Wata guda kafin tsere, tsakar gidan Inna kan koma fari fat da buhuna. Mu yara mu wanke, mu shanya a kan danga, mu murza zaren rama a cinya har fata ta yi ja. Manya su zauna a da'ira, ba ka jin komai sai ƙus-ƙus na basilla tana huda buhu da hirar duniya. Inna ba ta yarda da ɗinki ɗaya, sai an ninka an sake bi. Takan ɗaga zani ta duba shi a rana, in ta ga haske ya ɓullo ta wani wuri ta ce, «Farke. Ran ubanki ne a jikin zaren nan.» Yau zanen leda ake saya a kasuwa an riga an yanka, ba ya shekara biyu. Na Inna akwai wanda har yanzu ake shanya barkono a kansa.

Amma abin da ya sa tserenmu ya bambanta da na kowa shi ne tsayawar tsakiya. Tun shekarar farko Baba Tsoho ya kafa doka: in jirage suka iso kan tsohon gari, kowa ya sauke zani. Na gaba ya jira na baya, komai nisan da ya ba shi. Sai sun taru duka, a yi shiru, a yi wa na ƙasa sallama da addu'a, sannan a ɗaga zani lokaci ɗaya a ci gaba. Baƙi kan ce wannan wane irin tsere ne da ake jiran abokin hamayya. Mu kuwa wurin nan muke jira. Daga kan falalen dutsen da mata ke wanki, inda muke tsayawa kallo, sai ka ga fararen zannuwa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya kamar balbelu suna sauka, ruwa ya yi tsit, har kukan kurciya kana ji daga hayi.

Baba Tsoho ne ke nuna wurin, kuma alama biyu gare shi. Ta farko, ya saita hancin jirgi har wata kuka da ke hayin gabas ta rufe dutsen da ke bayanta, wannan ita ce hanya. Ta biyu, ya yi ta tafiya har wani babban rimi na bakin arewa ya zo daidai kafaɗarsa ta hagu, wannan shi ne wurin tsayawa.

Shekarar da nake aji huɗu na sakandare abu biyu suka haɗu. Yanar ido ta rufe wa Baba Tsoho gani, har ya zama ba ya bambance mutum da turmi sai an yi magana. Sannan da tsakiyar damina ruwa ya ci gaɓar arewa, rimin ya faɗi, masu itace suka sassare shi, ko kututturen bai saura ba. Hanya tana nan, amma ba wanda ya san inda za a tsaya.

Saura kwana shida tsere, da hantsi, muna tsakar gida muna ɗinki, Baba Tsoho na kan tabarmarsa kokonsa ya huce bai taɓa ba, sai ga Baffa, ƙanin mahaifina, wanda shugabancin ƙungiya ya koma hannunsa. Ya durƙusa ya gaishe su, aka tambayi gida da yara da gajiyar jiya, sannan ya gyara zama.

«Baba, mun zauna jiya a rumfa. Mun ce in an kai wajen tsakiya sai a sauke kawai. Ai duk ruwa ɗaya ne.»

«Wajen tsakiya,» in ji Baba Tsoho. «In na aike ka gidan surukinka, wajen unguwarsu kake tsayawa ka yi sallama?»

«Addu'a ai ko daga ina aka yi ta tana isa, Baba.»

«Tana isa. Kullum daga kan tabarmar nan nake yi musu. Amma ranar nan ɗaya ba aike nake yi ba, zuwa nake yi. Uwata tana can. Yayarka da ba ka sani ba tana can. In za ku tsaya kan gonar wani ku yi wa kifi sallama, ku je, ni na gama hawa jirgi.»

Baffa ya sunkuyar da kai. Ba mugun mutum ba ne, abin ne ya fi ƙarfinsa. Ya ce sun fita sau uku suna ƙiyasi, kowa da inda yake nunawa, har an kusa faɗa. Na kalli Baba Tsoho na ga yadda yake shafa gefen tabarma da yatsa, na gane in aka yi tseren bana a kan ƙiyasi, shi ke nan wurin ya ɓace, kuma shi ma ya tafi tare da shi ko yana da rai.

Yarinya ba ta sa baki a maganar manya, don haka Inna na raɗa wa. «Inna, ba tsakanin giginyun nan biyu ake saukewa ba?»

Kunnen Baba Tsoho kuwa ya ƙaru da abin da ido ya rasa. «Waɗanne giginyu, Malama?»

Na ce daga kan dutsen wanki, in ka tsaya inda Inna ke tsayawa, akwai giginya biyu a can hayi, kuma kowace shekara jirginsa na shiga tsakaninsu zani ke faɗuwa. Na sani ne don na sha zana su a bayan littafin lissafi, har an taɓa dukana a kai.

Inna ba ta ko ɗaga kai daga ɗinkinta ba. «To da ta yaya kuke zaton muke sanin lokacin daina guɗa? Kuna can kamar ƙudaje a kan ruwa. In muka jira sai kun sauke, guɗarmu ta riga ta faɗa kan kaburbura. Hancin jirgi na taɓa giginyar farko nake ɗaga hannu, kowa ta kama bakinta.»

«Shekara da shekaru,» in ji Baba Tsoho, «ba ki taɓa faɗa mini ba, 'yar Jama'a?»

«Ka taɓa tambaya, direban buhu? Kun ce aikinmu basilla.»

Matan da ke da'ira suka tuntsire da dariya, har Baffa ya murmusa. Amma ya ce ido daga nesa yana ruɗi, taku ashirin a ruwa kamar ɗan yatsa ne daga tudu. Baba Tsoho ya ce a kawo masa doguwar igiya da dutsen niƙa ƙarami. Rijiyar garin, in ji shi, an ɗaure bakinta da siminti har gwiwa, tana ƙofar masallaci. In mata sun yi gaskiya, igiya za ta faɗa. Sannan ya ce da ni za a je. Baffa ya ce mace ba ta taɓa hawa jirgin tsere ba. «Kai za ka kalli kuka,» in ji Baba Tsoho. «Wa zai kalli uwarka? Ni?»

Bayan la'asar muka fita. Inna ta hau dutsen wanki da farin mayafi a hannu, aka shirya in mun shiga tsakanin giginyu za ta sake shi ƙasa. Ban taɓa mantawa da lokacin da Baffa ya ja igiya zani ya buɗe a kaina ba. Na ga ɗinkina a jiki, layin da Inna ta sa na farke sau biyu, iska ta cika shi bai ko motsa ba. Jirgin ya karkata, ruwa ya fara magana a ƙarƙashinmu, cak-cak-cak, gari ya yi ta ƙanƙancewa. Na zauna na juya baya ga tafiya, idona a kan ɗigon farin nan. Baba Tsoho na tsakiya, igiya naɗe a cinya, fuskarsa a sama yana shaƙar iska.

«Tana nan?»

«Tana nan, Baba.»

«Kada ki kalli tsuntsaye, na san halinki.»

Muka yi ta tafiya har na fara tsoron ko Inna ta manta, ko idona ne ya gaji. Sai farin ya faɗi. Na yi ihu, «Ta saki!» Baffa ya sauke zani, ya kafa filafili a ruwa yana tsayar da jirgi.

Baba Tsoho ya zura dutsen. Igiya ta bi ta tafin hannunsa har ta tsaya. Ƙasa ce. Ya ƙulla alama a wurin, ya ɗago kaɗan, ya ce a matsa. Ya sake saki, ta tsaya a ƙullin. A matsa. Ta tsaya a ƙullin. Na daina ƙirgawa bayan na goma sha. Rana ta yi ƙasa, ruwa ya koma launin manja, igiya ta goge wa tsohon fatar hannu. Ni kuwa na san ni na buɗe baki, kuma in ba a samu ba na ƙara masa baƙin ciki ne a gaban ɗansa.

«Baba, magariba ta kusa,» in ji Baffa a hankali. «Gobe ma rana ce.»

«Dakata.» Ya ɗan jijjiga igiyar. «Na ji ya ƙwanƙwasa abu mai tauri. Ba laka ba ce. Ja mu gabas, kamar taku biyu. A hankali, ba jaki kake kora ba.»

Baffa ya yi tuƙi ɗaya. Baba Tsoho ya ɗaga dutsen ya sake shi. Igiya ta zo ƙulli, ta wuce. Ta ci gaba da tafiya, tana zarewa daga cinyarsa, tsawon gaba guda, gaba biyu, gaba uku, kamar wani a ƙasa yana karɓa. Ya riƙe ta da hannu biyu yadda ake riƙe igiyar guga, sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

«Ga ta,» ya ce. «Ubana ya haƙa ta.» Ya juya wajen da yake jin numfashin Baffa. «Kai mai cewa ruwa duk ɗaya ne, a bakin nan uwarka ta cafko ka da ƙafa kana rarrafe, saura ƙiris ka tafi.»

Baffa ya ajiye filafili ya rufe fuska da hularsa. Baba Tsoho ya fuskanci gabas, ya gyara wuyan rigarsa kamar mai shiga zauren manya, ya yi sallama da murya sosai. Sannan ya ce, «Mun zo. Mun ɗan yi ɓatan hanya, mata suka nuna mana.»

Ranar tsere, kafin a tashi, Baffa ya tsaya a gaban rumfa ya sanar da sabuwar doka: daga yau ba a sauke zani sai mayafi ya faɗi daga dutsen wanki. Wani ya ce ashe yanzu 'Yan Zani sun koma hannun masu zani na gaske. Aka yi dariya, ba wanda ya ƙi. Ban tuna wanda ya ci filafili a shekarar ba.

Baba Tsoho ya ƙara hawa sau uku kafin ya rasu. A tudu aka binne shi, inda in ka tsaya kana hango ruwa. Tun daga nan abubuwa suka yi ta raguwa. Laka ta cike gefen dam, samari suka koma noman rani da acaɓa, masu tsallakar da mutane suka sa inji don ba mai haƙurin jiran iska. Rumfar ta zama wurin ajiye buhunan albasa, sai dai sunan yana nan a jikin allonta, fentin ya koɗe. Jirage masu zani saura huɗu, kuma biyu daga ciki sai an yi ta kwarfe ruwa.

Bana ma an yi tseren. 'Yan kallo ba su kai na da ba, mai ƙosai ɗaya ce ta zo. Inna ƙafa ta hana ta hawa dutse, sai ta aika aka kira ni ɗakinta, ta ciro farin mayafin daga ƙasan adaka ta miƙo mini. «Ki tsaya inda dutsen ya tsage, ƙafar dama a kan tsagar. Kuma kada ki kalli tsuntsaye.»

Na hau na tsaya. Giginyun suna nan, sun ƙara tsawo. Jirage huɗun suka taso a hankali, Baffa a gaba, gemunsa ya yi fari. Can gefe kuma ga wani jirgin inji ya ɗebo mutane da buhuna daga hayi, yana ta ɓaɓatu, wani saurayi ne ke tuƙa shi wanda ban san ko ɗan gidan wa ba ne, an dai haife shi bayan rimi ya faɗi. Na ɗaga hannu, matan da ke bayana suka kama bakinsu. Hancin jirgin Baffa ya wuce giginyar farko, ya shiga tsakani, na saki mayafi.

Zannuwa huɗu suka faɗi. Sai saurayin nan ya waiwayo, ya dubi dutse, ya miƙa hannu baya ya kashe injinsa.